Kaurin Baƙin Mai Ba Shi Ne Ƙarfinsa Ba

Ranar da na fara kai motata juye bayan na saye ta, ina tsaye a gefen bonet bakaniken ya buɗe galan, ya tsoma yatsa, ya murza man tsakanin babban yatsansa da manuni, sannan ya ɗaga hannu don in ga yadda yake ja kamar zare kafin ya tsinke. Ya ce, “Maigida, ka ga mai ke nan. Wancan da kake faɗa ai ruwa ne, zafin rana ɗaya zai cinye shi.” A jikin galan ɗin an rubuta 20W-50. A kan murfin da ya cire daga injin ya ajiye bisa batir kuwa, 5W-30 aka rubuta da manyan haruffa. Na gani da idona, amma na yi shiru, domin mutumin ya fi shekara ashirin yana kwance inji yana ɗaurawa, ni kuwa tuƙi kawai na sani.

Na yi kusan shekara a kan wannan man. Abin da na fara lura da shi wata ƙara ce da safe. Da na tayar da mota sai in ji kar-kar-kar daga saman injin, daƙiƙa biyu ko uku, sannan ya lafa. Aka ce mini ai haka suke yi. Daga baya motar ta fara nawa idan na taka totur, shan fetur ya ƙaru, rannan sai fitilar gargaɗin inji ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa. Wanda na kai wa a karo na biyu ya jona kwamfuta, ya kwance wani ɗan ƙarfe mai tsawon yatsa daga gefen kan injin, ya nuna mini wata 'yar raga da ba ta kai faɗin farce ba. Ya ce duk man da ke sarrafa lokacin buɗewar bawuloli ta nan yake bi. Tambaya ɗaya ya yi mini: “Malam, wane mai kake zuba mata?” Da na faɗa masa, bai ce komai ba, murfin kawai ya ɗauko ya miƙo mini. Aka wanke abin da za a wanke, aka mayar da 5W-30, kafin mako ya zagayo ƙarar safe ta tafi.

Ban taɓa zargin bakaniken farko da mugun nufi ba. Abin da ya yi imani da shi ya yi mini, shi yake zuba wa tasa motar, shi kuma ubangidansa ya koya masa. Matsalar ta fi shi girma. Akwai wata fahimta da ta zauna daram a gareji da shagunan sayar da mai, musamman a ƙasashe masu zafi, cewa iya kaurin mai iya kariyar da yake ba inji. Ina ganin wannan fahimtar tana kashe injuna a hankali, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Mota ga mutane da yawa ita ce jari, ita ce hanyar abinci, ita ce mai kai mara lafiya asibiti cikin dare. Ranar da injin direban haya ya buga, gidansa gaba ɗaya ne ya tsaya.

Lambobin nan na jikin galan ba ado ba ne, kuma ba kamfanin mai ne ya ƙirƙire su don talla ba. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, ita ta fara rarraba man inji bisa kauri tun 1911, kuma ƙa'idarta mai suna J300 ita duniya ke bi har yau. Lambar farko, wadda ke kafin W, tana faɗin yadda man yake idan inji ya kwana ya yi sanyi. Shi W ɗin harafin farko ne na kalmar Turanci mai nufin hunturu, ba nauyi yake nufi ba kamar yadda wasu ke ɗauka. Ana gwada 0W a digiri 35 ƙasa da sifili, 5W a 30, 10W a 25, 15W a 20, shi kuma 20W a digiri 15 ƙasa da sifili. Lamba ta biyu ita ke faɗin kaurin man a digiri 100, wato kusa da zafin da yake aiki a cikin inji. Ana auna shi da wani ma'auni da ake kira santistok, wanda ruwa a zafin ɗaki yake kusan 1 a kansa. Mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai lamba 40 tsakanin 12.5 da 16.3, mai lamba 50 kuma daga 16.3 zuwa 21.9.

A nan ne gwajin yatsa ya rushe. Duk man inji yana tsinkewa idan ya yi zafi, kuma ba kaɗan ba. Man 5W-30 a digiri 40 yakan kai santistok 60 ko sama da haka, amma a digiri 100 sai ya sauko wajen 10 ko 11. Man 20W-50 a digiri 40 yakan haura 150, a digiri 100 ya dawo wajen 18. Ke nan shi wannan 5W-30 da aka ce mini ruwa ne, a daidai lokacin da ake murza shi a yatsa, ya ninka kaurin 20W-50 mai zafin aiki sau uku. Yatsa yana auna mai a yanayin da inji ba ya aiki da shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga an kwance noti an sauke mai daga inji mai zafi ya san yadda yake zubowa sharr, ko wane iri ne.

Sai kuma hujjar zafin gari, wadda ita aka fi riƙewa. Gaskiya ne rana tana da tasiri, ba na musu. Mota mai jan kaya a hawan tudu da tsakar rana manta zai fi zafi a kan wadda ke tafiya wayam da asuba. Amma inji ba a zafin gari yake aiki ba. Yana da lagireto, yana da fanka, yana da tamostat, kuma aikinsu shi ne su riƙe ruwan injin a wajen digiri 90, ko a ƙasar ƙanƙara kake ko a hamada. Wuta ce ke ci a cikin silinda, bambancin digiri 15 ko 20 na iskar waje ba shi zai mayar da inji mai buƙatar 30 ya koma mai buƙatar 50 ba. Abin da ya fi ba ni takaici ma shi ne sau da yawa hannun da ke zuba mai mai kauri saboda zafi shi ne ke cire tamostat ya jefar, shi ma wai saboda zafi. Sai inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, man ya zauna da kaurinsa, danshi da ɓurɓushin fetur da ya kamata zafi ya kore su su taru a ciki, a wayi gari an buɗe murfin sama an tarar da baƙin caɓi.

Mutane suna ɗaukar mai kamar katifa ce da ake shimfiɗawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe, iya kaurinta iya daɗinta. Mai a cikin inji gudu yake yi. Famfo yana zuƙo shi daga ƙasa ya tura shi ta ƙananan hanyoyi zuwa mital, waɗannan ƙarafan masu siffar rabin zobe da karanshaf ke juyawa a cikinsu. Tazarar da ke tsakaninsu a injin mota na zamani takan kasance tsakanin milimita 0.02 da 0.05, ba ta kai kaurin silin gashi ba. Juyawar karanshaf ita ke jan man ta cusa shi cikin wannan tazarar har ƙarfen ya hau kansa yana yawo ba tare da ya taɓa ɗan'uwansa ba. Man da ya shiga dole ya fita da sauri wani ya shigo, domin shi ke kwashe zafin wurin, ruwan lagireto ba ya kaiwa can. Idan man ya yi kauri fiye da yadda aka tsara, wucewarsa za ta ragu, gogayyar cikinsa ma ta ƙara zafi. Wani zai nuna maka geji ya ce duba yadda matsin mai ya hau. Matsi kuwa alama ce ta yadda man ke shan wuyar wucewa. Idan ya yi yawa akwai bawul a jikin famfon da ke buɗewa ya mayar da rarar ƙasa, ba ta je ko'ina ba.

Injunan yau kuma ba shafawa kawai suke yi da mai ba, aiki suke sa shi. Honda ta fito da tsarin sarrafa bawuloli mai suna VTEC a 1989, Toyota ta biyo da VVT-i a tsakiyar shekarun 1990, yanzu da wuya ka sami injin fetur da ba ya sauya lokacin buɗe bawuloli ta hanyar matsin mai. Abin da ke ɗame sarƙar taimin shi ma da mai yake aiki, kuma ƙarar nan ta safe sau da yawa ihun waɗannan sassan ne kafin mai ya iso gare su. Turbo, wato abin da ke cusa ƙarin iska cikin inji, yana juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya a kan ɗan siririn fim na mai. Waɗannan daƙiƙu na farko bayan an murza makulli, lokacin da saman inji yake jiran mai, suna cikin lokutan da ƙarfe ya fi cin ƙarfe, kuma kowace safiya ake maimaita su.

Ya kamata a yi wa tsofaffin bakanikai adalci, domin ba daga sama suka ɗauko maganar ba. A shekarun 1960 da 1970, 20W-50 shi ne man da littattafan motoci da yawa suka rubuta. Injunan lokacin tazararsu ta fi faɗi, kafireto yana tsiyayar da fetur cikin mai ya tsinka shi, man kansa bai kai na yau juriya ba. Wanda ya koyi aiki a kan waɗannan injunan gaskiya ya koya. Kuma har gobe, idan inji ya tsufa, mital ya cinye, ringi ya saki, zuba mai mai kauri yana rage ƙara, yana rage hayaƙi a salansa, mai mota ya tafi yana godiya. Bakanike ya ga wannan da idonsa sau ɗari, to me zai hana shi yarda? Abin da bai gani ba shi ne cewa ciwon yana nan, rufe shi kawai aka yi. Ni ban ƙi a ɗaga mataki ɗaya ba ga injin da ya gaji, daga 30 zuwa 40, a lallaɓa shi kafin a samu halin gyara. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki maganin mara lafiya a ɗura wa mai lafiya tun ranar farko.

Akwai wata hujjar da ta fi ta zafin gari ƙarfi, kuma masu ilimin abin ne ke kawo ta. Suna cewa kamfanonin motoci ba don tsawon ran inji suke rubuta mai tsinkakke ba, don dokokin tsimin fetur ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tun 1975 Amurka take da dokar da ke tilasta wa kamfanoni rage yawan man da motocinsu ke sha, kuma mai mara kauri yana ɗan rage shan fetur. Shi ya sa lambobin ke ta sauka: SAE ta ƙara mataki na 16 a 2013, ta ƙara 12 da 8 a 2015, yau akwai motoci masu haɗa fetur da lantarki da 0W-8 ake zuba musu. Haka kuma za ka iya samun inji iri ɗaya, littafinsa na Amurka ya ce 0W-20 kawai, na wata ƙasar ya kawo jadawali mai nuna cewa 5W-30 ko abin da ya fi shi ma ya halatta. Kamfanonin ma sukan canja magana. A watan Afrilun 2025 General Motors ya kira motoci kusan 600,000 a Amurka masu injin V8 mai lita 6.2 saboda aibi a ƙirar wasu sassan cikin injin, kuma waɗanda aka duba aka ga ba sai an sauya musu inji ba, an mayar da su daga 0W-20 zuwa 0W-40, har murfin mai aka canja musu.

Na yarda da duk wannan, amma ban ga inda ya wanke gwajin yatsa ba. A dubi abin da injiniyoyin suka yi: lambar zafi suka ɗaga, 0W ɗin suka bar shi yadda yake, don man ya ci gaba da isa sama da wuri idan an tayar da inji. Kuma inji guda suka yi wa, bayan bincike, suka rubuta a takarda. Idan littafin motarka ya ba ka zaɓi tsakanin matakai biyu ko uku, kana ƙasa mai zafi, kana ɗaukar kaya ko doguwar tafiya da gudu, ɗauki na saman, ni ma shi zan ɗauka. Wannan daban yake da a tsallaka daga 0W-20 zuwa 20W-50, inda kaurin a zafin aiki ya ninka, a sanyin safiya kuma ya fi ninki nesa ba kusa ba. Kuskuren yana da ɗan'uwa ta ɗaya gefen ma. Na ga wanda ya zuba 0W-20 a tsohon injin da aka ƙera don 15W-40, don kawai ya ji an ce shi ne na zamani, fitilar mai ta riƙa ƙyaftawa idan ya tsaya. Kowace ƙwarya da abokin burminta.

Wani abin da kusan ba a maganarsa a wajen juye shi ne cewa lambar kauri ba ta faɗin ingancin mai. Galan biyu za su iya ɗaukar 5W-30, ɗaya ya dace da motarka, ɗaya ya cuce ta. Ingancin yana cikin wasu haruffa da yawanci suke bayan galan. Cibiyar man fetur ta Amurka, API, tana ba man injin fetur alama mai farawa da S, harafi na biyu kuma yana gaba da zamani: SL a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Na dizal yana farawa da C, kamar CK-4 da ya fito a 2016. A injin fetur sabon mataki yana maye gurbin tsoho, amma tsoho ba ya maye gurbin sabo. Wannan ya fi shafar ƙananan injuna masu turbo da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, domin suna da wata cuta ta kamawar wuta kafin lokaci idan an taka su a ƙaramin gudu, wadda takan fasa fistin. An gano sinadaran cikin mai suna da hannu a ciki, shi ya sa aka fito da SN Plus a 2018, sannan SP. Motocin Turai kuma suna da nasu tsarin na ACEA, kuma injin dizal mai matatar toka a salansa yana buƙatar mai mai ƙarancin toka irin C3, in ba haka ba matatar ta toshe. Volkswagen yana da 504 00 da 507 00, Mercedes yana da irin su 229.5, General Motors yana da dexos. Idan littafi ya ambaci ɗaya daga cikinsu, a neme shi a jikin galan. Kalmar sintetik ita kaɗai ba ta wadatar ba, domin asalin man take faɗi, ba ta faɗin kaurinsa ko gwajin da ya ci.

Tsoron da ke sa mutane gudu zuwa mai mai kauri, wato zafi da ƙura da cunkoso, tsoro ne na gaskiya, sai dai maganinsa yana wani wurin. Kusan kowane littafin mota yana da sashe na aiki mai tsanani: hanya mai ƙura, gajerun tafiye-tafiye, daɗewa a tsaye inji na aiki, jan kaya. Abin da yake cewa a yi shi ne a matso da lokacin juye, sau da yawa zuwa rabi, a sauya filtar mai, a kula da filtar iska. Ƙurar da ta shiga inji za ta ci silinda ko da wane irin kauri man yake da shi.

To laifin wa? Ina ganin kowa yana da kaso. Mai sayar da motar hannu da ke miƙa makulli ba littafi, alhali yawancin kamfanoni sun sa littattafansu kyauta a intanet. Mai shagon da ke ba ka abin da ya fi yawa a kantarsa ba tare da ya tambayi irin motarka ba. Masu auna mai daga buɗaɗɗen duro wanda ba wanda ya san lambarsa, da masu cika tsofaffin galan da jabu su liƙe, waɗanda ya kamata hukumomin kula da ingancin kaya su sa su gaba da gaske, domin jabun mai yana mayar da duk wannan bayanin aikin banza. Ƙungiyoyin bakanikai su ma suna da aiki a gabansu. Yaron da zai shekara biyar yana koyon sana'a ya cancanci a zaunar da shi ko na yini ɗaya a koya masa karanta bayan galan, kamar yadda ake koya masa ɗaure noti. Mu masu mota kuma namu ya fi sauƙi, kuma shi muka fi sakaci da shi. Mu buɗe bonet mu karanta murfi, mu nemo shafin mai a littafi, mu tsaya a ɓalle hatimin galan a gabanmu, kada kunya ta hana mu cewa a'a.

Har yanzu ina kai motata wurin bakaniken farko, domin a aikin birki da ƙafa ban ga kamarsa ba. Ranar juye da galan ɗina nake zuwa. Yakan karɓa, ya juya shi, ya ce, “Maigida, kai ka sani,” ya zuba. A zuwana na baya, yaron da ke riƙe masa mazurari ya jira ubangidansa ya shiga ƙarƙashin wata motar, sannan ya matso ya tambaye ni a hankali, “Baba, wai shi W ɗin nan me yake nufi?” Na buɗe masa shafin a wayata, muka tsuguna a gefen taya, na nuna masa jadawalin layi bayan layi. Ya ɗauki hotonsa da tasa wayar, ya tashi ya je ya ɗauko murfin wata motar da ke jiran juye yana karantawa.